Shin Ɗangote Ya Sayi Peugeot? Fashin Baƙi Kan Fijo, Daga Zarto Zuwa Kakuri

Duk lokacin da aka saka hoton sabuwar mota mai tambarin zaki tana fitowa daga masana'antar da ke kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, sai gardama ta kaure a Facebook da teburin mai shayi. Wani ya ce ai Ɗangote ya saye kamfanin Peugeot kacokan. Wani ya ce wane kamfani, Fijo ta mutu tun ranar da aka daina yin 504. Na uku, wanda galibi tsohon direba ne ko bakanike mai furfura, sai ya girgiza kai ya ce wannan da kuke gani ba Fijo ba ce, sunan kawai ta ara. To wane ne ke da Peugeot a yau, mene ne ake haɗawa a Kaduna, kuma ta yaya motar da a da malamin makaranta ke saye da bashin gwamnati ta koma sai mai hannu da shuni?

Abu uku ne ake kira da suna ɗaya

Rikicin ya samo asali ne daga nan. In Bahaushe ya ce Fijo, yana iya nufin ɗaya daga abubuwa uku, kuma kowanne da mai shi.

Na farko shi ne sunan da tambarin, wato Peugeot, wanda asalinsa sunan wani gida ne a gabashin Faransa. Na biyu shi ne uwar kamfani mai riƙe da wannan suna. Tun daga 16 ga Janairun 2021 uwar kamfanin ita ce Stellantis, wadda hedikwatarta ke ƙasar Holan, kuma Peugeot ɗaya ce kawai cikin sunayen mota 14 da take kiwo, tare da irin su Fiat, Jeep, Opel, Citroën da Maserati. Na uku su ne kamfanonin gida da ake ba izinin haɗa motocin a ƙasashensu. A Najeriya an yi PAN (Peugeot Automobile Nigeria), wanda ke unguwar Kakuri a Kaduna, yanzu kuma akwai DPAN (Dangote Peugeot Automobiles Nigeria), haɗin gwiwar da ta ƙunshi kamfanin Ɗangote da gwamnatocin jihohin Kaduna da Kano da ita Stellantis ɗin.

Saboda haka amsar tambayar farko gajeriya ce. Ɗangote bai sayi Peugeot ba, yana da hannun jari ne a kamfanin da ke haɗa wasu samfuran Peugeot a Kaduna. Zanen motar, injinta, da shawarar wace za a ci gaba da yi ko a daina, duk ba a Kaduna ake yanke su ba.

Akwai kuma bambanci tsakanin ƙerawa da haɗawa, wanda 'yan siyasa ke son a manta da shi ranar yanka kyalle. Masu sana'ar suna da mataki biyu. A wanda suke kira SKD, motar na zuwa ne kusan a gama, an yi mata walda da fenti a waje, sai a ɗaura inji da tayu da kujeru a nan. A wanda suke kira CKD, gunduwa-gunduwa take zuwa, a nan za a yi waldar bodi, a yi fenti, a harhaɗa komai, kuma a nan ne ake samun damar cusa kayan gida kamar batir, gilashi da kujeru. Na biyun ne ke ɗaukar ma'aikata da yawa. Duk wanda ya ce maka ana yin mota a wuri kaza, tambaye shi wane mataki.

Gidan da ya fara da zarto

Shekarar 1810 ake ɗauka a matsayin mafarin kamfanin. A lokacin ne 'yan'uwa biyu, Jean-Pierre da Jean-Frédéric Peugeot, suka mayar da injin niƙan hatsin gidansu da ke Hérimoncourt, kusa da iyakar Suwizalan, wurin sarrafa ƙarfe. Sun yi zarto, sun yi sifirin agogo, sun yi ƙarafan lema. A 1840 suka shiga yin injin niƙa gahawa, a 1874 na niƙa masoro, wanda har yau ana sayar da shi da sunan Peugeot a kantunan kayan girki. Zakin ma ba don mota aka zana shi ba. An yi masa rajista a 1858 don tallan zarto: haƙoran zarton kamar na zaki, ruwansa na lanƙwasa kamar bayan zaki, yankansa da sauri kamar tsallen zaki.

Wanda ya jawo gidan cikin harkar abin hawa shi ne Armand Peugeot. Ya fara da kekuna a 1882, a 1889 ya nuna wata mai ƙafa uku da ke tafiya da tururi a baje kolin duniya na Paris, shekara guda bayan haka ya koma injin fetur na Daimler. Ɗan'uwansa Eugène na ganin wannan zubar da kuɗi ne, har ta kai ga rabuwa a 1896, Armand ya kafa nasa kamfanin na mota. Daga baya 'ya'yan Eugène ɗin da kansu suka shiga yin mota, aka sake haɗewa a 1910. A 1912 aka buɗe masana'antar Sochaux, wadda ita ce cibiyar Peugeot har gobe. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya motocin tserensu sun riga sun yi suna, har Jules Goux ya je Amurka ya ci gasar Indianapolis a 1913.

Yadda ake karanta lambobin

Mutane da yawa na kiran 406 da 307 ba tare da sanin cewa lambar magana take yi ba. Tsarin ya fara ne da 201 a 1929. Lambar farko girman motar take nunawa: 1 da 2 ƙanana, 3 matsakaiciya, 4 da 5 na iyali, 6 ta manya. Lambar ƙarshe zuriya ce, wato ta nawa ce a layinta. Sifilin tsakiya shi ne hatimin gidan, kuma sun yi masa rajista. Lokacin da Porsche ta fito da wata mota ta sa mata 901 a 1963, Peugeot ta ce ba ta yarda ba, dole aka mayar da ita 911, sunan da ya zama ɗaya daga mafi shahara a duniyar motoci.

Da wannan ma'auni za ka gane cewa 403 ta 1955 ta haifi 404 ta 1960, sai 405 ta 1987, 406 ta 1995, 407 ta 2004. A layin 5 da 6 kuma 504 ta 1968, 505 ta 1979, sannan 604, 605 da 607. Ƙananan su ne 204, 205, 206, 207, 208. Ba kullum lissafin ke tafiya daidai ba. 309 ta 1985 ta riga 306 ta 1993 fitowa, saboda asali ba Peugeot aka so a kira ta ba, an shirya ta ne da sunan Talbot, aka canza shawara a ƙurarren lokaci.

Sifili biyu ya shigo ne da 1007, kuma yanzu yana nuna motoci masu tudu irin waɗanda muke kira jif: 2008, 3008, 5008. A 2012 kamfanin ya ga lambobin sun kusa ƙarewa, sai ya tsayar da ƙirgen. Daga lokacin, duk motar da aka yi don babbar kasuwa za ta ƙare da 8 komai sabuntawar da aka yi mata, wadda aka yi don ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kuma ta ƙare da 1. Wannan shi ne asalin 301, wadda aka fara haɗawa a Vigo ta Sifen, kuma ita ce DPAN ta fara da ita. A taƙaice lambar da kanta tana gaya maka wa aka yi wa motar.

Me ya sa 404 da 504 suka zama namu

Ba don Afirka aka zana 504 ba. An yi ta ne don likita ko ɗan kasuwar lardi a Faransa, mutumin da ke son mota mai natsuwa wadda za ta shekara goma ba ta ba shi ciwon kai ba, a lokacin da hanyoyin karkarar Faransa ma ba su gama gyaruwa ba. Kamfanin Pininfarina na Italiya ya taya su zana ta, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama, domin duk abin da aka sa mata don ƙauyen Faransa ya dace da hanyar Funtuwa zuwa Gusau.

Da tayun baya take ja, kuma farfelar da ke kai ƙarfi baya tana cikin wani bututun ƙarfe ne da ke kare ta daga dutse da yashi. Ƙafafunta na da dogon zango na hawa da sauka, shi ya sa take haɗiye rami maimakon ta buga wa fasinja. Wagon da a-kori-kura an yi musu aksil ɗin baya guda mai ƙwari, na a-kori-kura ma da sifirin mai ganye, don ɗaukar kaya. Injin, mai lita 1.8 ko 2.0, na baƙin ƙarfe ne, sarƙa ce ke juya lokacinsa, kafireta ce ke ba shi mai. Babban sirrin da kanikawa suka sani shi ne silib ɗin da fistin ke gudu a ciki ana zare shi ne a sa sabo. Ke nan injin da ya gaji, ana iya sauke shi a gindin darbejiya da safe, a sa sabbin silib da zobba, kafin magariba ya koma kamar jiya aka saye shi. Babu kwamfuta, babu abin da kunnen gwani da sifana ba za su gano ba.

Gasar tsere ta ƙara mata suna. 404 ta ci gasar Safari ta gabashin Afirka a 1963, 1966, 1967 da 1968, 504 kuma ta ci a 1975 da 1978. Wannan gasa ce da fiye da rabin motocin da suka shiga ba sa ganin ƙarshenta. An yi 504 sama da miliyan 3. A Faransa an daina salun ɗinta tun 1983, amma Ajantina ta ci gaba har 1999, Kenya har 2004, Kaduna kuwa ita ce ta rufe ƙofa a tsakiyar shekarun 2000.

A Nijar labarin ya bi ta wata hanya. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turai kan sayi tsohuwar 404 ko 504 a arha, su tsallaka teku zuwa Aljeriya, su keto Sahara ta Tamanrasset da Assamaka da Arlit, su sayar da ita a Agadas ko Yamai su sayi tikitin jirgi su koma. Motar da ta iya keto wannan hamada da kanta ba ta buƙatar dillali ya yabe ta. Sai kuma gasar Paris-Dakar da ke ratsa Tenere, wadda Peugeot ta ci sau huɗu a jere daga 1987 zuwa 1990.

Zamanin Kakuri

An yi wa PAN rajista a Disambar 1972, Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar a Maris 1975. Ba ita kaɗai ba ce. Gwamnatin lokacin, da kuɗin mai a hannu, ta raba masana'antun haɗa motoci a faɗin ƙasa: Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Mercedes a Inugu, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano. Dabarar ita ce a fara da haɗawa, a hankali a riƙa ƙara kayan gida har a kai ga ƙerawa.

Wani abu da matasa ba su sani ba shi ne a jirgin sama ake kawo sassan motar. Shekarar da aka buɗe Kakuri ita ce shekarar da ɗaruruwan jiragen ruwa ɗauke da siminti suka toshe tashar Legas, jirgi kan yi watanni bai sauke kaya ba. Sai aka shirya jigila ta sama, jiragen kamfanin UTA na tasowa daga Lyon su sauka a filin jirgin Kano, a loda akwatunan a manyan motoci zuwa Kaduna. An shekara da shekaru ana haka. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka irin ƙarfin naira a lokacin, da ta fi dalar Amurka daraja, da kuma irin ribar da ke cikin kasuwar.

Abin da ya ɗaga Fijo sama da sauran shi ne gwamnati. Mulkin soja na Janar Obasanjo ya kawo tsarin rage facaka, aka ce daga shugaban ƙasa zuwa ƙasa 504 za a hau. Ma'aikatu, sojoji, 'yan sanda, kwastan, jami'o'i, kowa Fijo. Ga bashin mota da ake ba ma'aikaci ana cira a albashi. A farkon shekarun 1980 abin da Kakuri ke fitarwa a shekara ya haura 50,000. Kewaye da ita aka samu masu yin kujeru, batir, gilashi da fenti, ga Michelin a Fatakwal da Dunlop a Legas suna ba da tayu. A tasha kuwa wagon mai layin kujeru uku ce sarauniyar doguwar tafiya, 404 a-kori-kura na jigilar buhuna ranar kasuwa, daga baya J5 ta zo ta zama motar tumatir da albasa da kaji zuwa kudu. Ita J5 ɗin, abin dariya, a Italiya ake yin ta a masana'antar haɗin gwiwa da Fiat, tagwaye ce da Fiat Ducato. Auren Peugeot da Fiat da aka ɗaura a 2021 an daɗe ana zancensa.

Lokacin da kiɗa ya canza a Faransa

Yayin da Kaduna ke cin kasuwa, uwar kamfani na cikin tsaka mai wuya. Ta haɗiye Citroën tsakanin 1974 da 1976, aka samu rukunin PSA. A 1978 ta karɓi reshen Chrysler na Turai a kan dala ɗaya tak, amma tare da bashinsa da tsofaffin masana'antunsa, ta sa masa suna Talbot. Sai farashin mai ya sake tashi a 1979, kasuwa ta faɗi, asara ta yi ta taruwa har ana maganar durƙushewa.

Wadda ta cece su ƙaramar mota ce, 205, da ta fito a 1983. An sayar da sama da miliyan 5. Darasin da kamfanin ya ɗauka shi ne kuɗin na wurin ƙananan motoci marasa nauyi, masu ja da tayun gaba, masu tsimin mai. 505 ita ce Peugeot ta ƙarshe mai ja da baya a cikin motocin fasinja. Daga 405 zuwa gaba, duk gaba ne. Sai dokokin hayaƙi na Turai suka fara tsananta daga 1992, suka kori kafireta, suka kawo nozul da na'urori masu auna iska da kwamfutar da kanikawanmu ke kira birenbos.

Wannan ne ya sa tsohon direban nan na teburin mai shayi ke da gaskiya ta wani ɓangare. Fijon da ya sani wani salon ƙira ne da kamfanin ya bari shekara arba'in da suka wuce, kuma ba don ƙeta ya bari ba, don neman tsira ne a kasuwar da ke ciyar da shi. 406, wadda Kakuri ta haɗa kuma jami'an gwamnati suka hau sosai bayan dawowar mulkin farar hula a 1999, ta tsaya a tsakiya. Tana da laushin tafiya irin na gidan, injinta na da juriya, amma tana son mai wayarin da ya san aiki. Daga 307 da 407 kusan komai na motar, har fitila da gilashi da makulli, ta cikin akwatin kwamfuta guda yake bi. Duk wanda ya saba yanke waya ya haɗa da wata, a nan yake gamuwa da gamonsa, kuma da yawa daga mummunan sunan da waɗannan motoci suka yi a garejinmu daga nan ya fito.

Wa ya kashe kasuwar?

A nan ne ra'ayi ya rabu, kuma kowane ɓangare na da abin kamawa.

Masu ɗora laifi kan gwamnati suna farawa ne daga 1986, shekarar da Janar Babangida ya kawo shirin SAP aka karya darajar naira. Masana'antar da ke sayen yawancin kayanta da kuɗin waje, ta sayar da naira, ba ta da mafita sai ƙarin farashi, a daidai lokacin da albashi ya zama ba ya kai wata. Sai aka buɗe ƙofa ga gwanjon Turai, 'yan Kwatano da Baljiyam suka cika gari. Daga baya gwamnatin da ta kafa kamfanin ita ce ta fara juya masa baya, jerin gwanon manya ya koma Toyota da Lexus. Michelin ta rufe a 2007, Dunlop ta bi bayanta. An sayar da kaso mafi tsoka na PAN ga ASD Motors a 2006, bashi ya yi masa katutu, AMCON, hukumar da ke karɓar basussukan da suka maƙale wa bankuna, ta karɓe shi a 2012. A 2013 aka fito da manufar bunƙasa haɗa motoci a gida, aka sa harajin kashi 35 da ƙarin wani kashi 35 kan motar da aka shigo da ita a haɗe. Dokar kuɗi ta 2020 ta zo ta zaftare ƙarin zuwa kashi 5. Mai zuba jari da ya gina masana'anta bisa lissafin farko ya wayi gari lissafin ya rushe.

Ɗaya ɓangaren na cewa a daina ɗora wa gwamnati komai. PAN ya samu kariya da kasuwar da ba hamayya na kusan shekara ashirin, me ya hana shi kai wa ga yin inji ko giya a nan? Ya yi ta sayar da ƙirar 1968 har cikin ƙarni na 21, ana canza mata fitila da suna, a daidai lokacin da Japanawa ke kawo motocin da suka fi tsimin mai kuma ba sa zafi. Direban haya ba ya soyayya da tambari. Da ya ga Golf da Sharon da Hiace sun fi kawo masa balas, sai ya sauya, 'yan kayan gyara na Ƙofar Ruwa da Panteka suka bi shi.

Ni dai ina ganin ɓangare na biyu ya fi kusa da inda ciwon yake, ko da yake na farko ne ya fi yawan magoya baya. Masana'antar da ranta ke rataye da odar gwamnati da canjin dala mai arha, ranar da ɗayansu ya kuɓuce ta shiga uku, kuma su biyun suka kuɓuce tare. Sai dai adalci ne a ce ba wanda zai kafa wurin yin inji don motoci dubu kaɗan a shekara. Dubi Maroko. Masana'antar da PSA ta buɗe a Kenitra a 2019 tana yin 208 har da injinta, amma don ana loda yawancinsu a jirgin ruwa zuwa Turai ne, ga tashar ruwa kusa, ga lantarki, ga manufar da ba ta canzawa da canjin minista.

Peugeot a hannun Stellantis

Gidan Peugeot kansa ya rasa ragamar kamfanin tun kafin Stellantis. A 2012 PSA ta yi asarar kusan Yuro biliyan 5. A 2014 gwamnatin Faransa da kamfanin Dongfeng na Sin kowanne ya zuba Yuro miliyan 800, suka samu kimanin kashi 14 kowanne, daidai da abin da ya rage wa iyalin. Carlos Tavares ya karɓi shugabanci, ya matse kashe kuɗi, ya sayi Opel da Vauxhall daga General Motors a 2017, sannan ya jagoranci haɗewa da Fiat Chrysler. A Stellantis, mafi girman hannun jari na gidan Agnelli ne na Italiya, masu Fiat, iyalin Peugeot na biye da kimanin kashi 7. Tavares ya ajiye aiki a Disambar 2024 bayan ciniki ya ja baya a Amurka, ribar shekarar ta faɗi da kashi 70, aka naɗa Antonio Filosa a 2025.

Amfanin irin wannan haɗaka shi ne a yi ƙashin mota ɗaya a sa masa riguna daban-daban. 208 da Opel Corsa ciki ɗaya ne. Masu rantsuwa da Toyota ma su sani cewa ƙaramar bas ɗin Toyota Proace da ake sayarwa a Turai, Peugeot Expert ce aka canza wa tambari. A-kori-kurar Landtrek ta 2020, wadda ake tallata ta a matsayin magajiyar 504, tare da kamfanin Changan na Sin aka ƙirƙiro ta.

Jerin motocin yau ya karkata ga masu tudu da masu lantarki. Akwai 208, wadda ta fi kowace mota ciniki a Turai a 2022, da 308 da 408, sai 2008, 3008 da 5008, sai motocin kaya Partner, Expert da Boxer, wadda ita ce ta gaji J5 a 1994. Kusan kowacce na da 'yar'uwa mai batir da ake sa wa harafin E a gaba. Tarayyar Turai ta zartar da doka a 2023 ta hana sayar da sabbin motoci masu hayaƙi daga 2035, kuma duk da ja-in-jar da ake yi kan sassauta ta, can ne kuɗin bincike ke tafiya.

Abin da ya shafi mai saye, direba da bakanike

Ga mai neman sabuwa, haɗa mota a Kaduna ba ya nufin arha kai tsaye. Muddin da dala ake sayo akwatunan, farashin na bin canji ne, kuma dala ta haura naira 1,500 a 2024. Rangwamen harajin da mai haɗawa ke samu na iya rage wani abu, amma abin da ya sa malamin makaranta ya hau 504 a 1980 bashi ne mai sauƙin biya da albashi mai daraja. In babu su, masu sayen DPAN za su ci gaba da zama gwamnatoci da bankuna da kamfanoni, talaka kuma ya jira ta tsufa ta gangaro masa. Abin da ya samu na zahiri shi ne garanti da kayan gyara na asali kusa da gida, da kuma motar da aka daidaita ta da zafi da man ƙasar. 301 mai lita 1.6 injinta jikan tsohon injin 206 da 307 ne, wanda kanikawa sun riga sun san halinsa.

Mai sayen 'yar Kwatano shi ne ya fi buƙatar buɗe ido, domin motocin da Turai ke zubarwa yanzu na zamanin ƙananan injuna ne masu turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska. Injin PureTech mai lita 1.2 da silinda uku, wanda ke cikin 208, 2008, 308 da 3008 da yawa, bel ɗinsa na tayamin a cikin baƙin mai yake gudu. In man bai dace ba ko an wuce lokacin juye, bel ɗin na marmashewa, ɓarɓashin ya toshe matatar famfon mai, inji ya buga. Kamfanin ya yi kiranyen dubban motoci a Turai kan wannan, ya tsawaita garanti zuwa shekara 10, sabon samfurin kuma ya koma sarƙa. Wannan garanti ba ya biyo mota ta Kwatano zuwa Katsina. Haka masu amfani da man dizal, waɗanda ake rubuta wa HDi, suna da matatar hayaƙi da Peugeot ta fara sakawa a 607 a shekarar 2000, kuma ba ta jure man da sinadarin sulfa ya yi masa yawa. Kafin a biya kuɗi, a sa na'urar bincike a karanta kwamfutar motar, a buɗe murfin baƙin mai a leƙa bel ɗin, a tambayi ɗan kayan gyara ko yana da kayanta a shago ko sai an yi oda.

Bakanike kuwa, yaron da ke koyon aiki yau a garejin Fijo yana tsakanin zamani biyu. Har yanzu akwai 504 da 505 da J5 da ke bin kasuwannin ƙauye daga Giwa zuwa Maraɗi, kuma za su ci gaba da kawo abin cefane na wasu shekaru. Amma 406 ma ta fara tsufa, waɗanda ke biye da ita kuma ba a jin ciwonsu da kunne. A garejin da ke samun aiki yanzu, za ka tarar maigida na riƙe da sifana, ƙaramin yaronsa da ya gama sakandare kuma na zaune a kujerar direba da kwamfuta a cinya, yana karanta masa abin da motar ta ce.